«Mafi kyau» ga wa?

Aikin rukuni da ake ba ɗaliban injiniya, su ɗauko matsala ta gaske su warware ta da lissafi, ya fi hardar darasi nesa ba kusa ba. Inda nake da ja shi ne kalmar da suke rufe rahoto da ita: «optimal». Faɗe ta da Hausa, ka ce mafi kyau, nan take a tambaye ka: ga wa? Faransancin yana haɗiye tambayar.

A 1945 George Stigler, masanin tattalin arziki a Amurka, ya lissafa abinci mafi araha da zai riƙe mutum shekara guda: dalar Amurka 39,93. Garin alkama, madarar gwangwani, kabeji, alayyafo, busasshen wake. Lissafi ya fita, amma wa zai jure wannan kwana 365? Ɗanɗano bai shiga lissafin ba.

Haka batun famfo. Rukuni ya zaɓi wurin da zai rage tsawon tiyo, kwamfuta ta amince, malam ya ba da 16 bisa 20. Matar da za ta tsallake kwalta da bido biyu fa? Ba wanda ya taka unguwar ya tambaye ta da yaren da take ji. Ko cikin rukunin ma, sau da yawa mutum ɗaya ya taɓa kwamfutar. Sauran huɗun sunayensu ne kawai a bangon rahoto.