Kekunan Tsere na Tsohon Ƙarfe da Masu Farfaɗo da Su

A shekarar 1994 Miguel Indurain, ɗan ƙasar Sifaniya, ya lashe gasar Tour de France a kan keken ƙarfe ƙirar Pinarello. Tun daga nan ba a sake cin wannan gasa a kan ƙarfe ba. Alminiyam ya ɗan riƙe fage, kabon ya zo ya ture shi, kamfanoni kuma suka juya wa ƙarfe baya. Sai dai kekunan da aka ƙera tun daga shekarun 1960 zuwa farkon 1990 suna nan birjik a gareji da ɗakunan shirgi na Turai da Amurka da Japan. A kansu ne wata al'ada ta kafu: mutum ya sayi tsohon keken tsere da 'yan kuɗi kaɗan, ya warware shi ƙusa-ƙusa, ya wanke, ya sa giris, ya sake abin da ya mutu, ya hau.

Yawan waɗannan kekuna yana da dalili. A farkon shekarun 1970 zazzaɓin keke ya kama Amurkawa. Cinikin da bai wuce kekuna kusan miliyan 7 ba a 1970 ya kai kusan miliyan 15 a 1973, har aka yi shekaru ana sayar da kekuna fiye da motoci. Abin da kowa ke nema shi ne keke mai giya goma, mai kai lanƙwasasshe kamar ƙahon rago. Peugeot da Motobécane da Gitane suka yi ta aikowa daga Faransa, Raleigh daga Ingila, Schwinn na ƙerawa a Shikago. Da yawa daga masu sayen sun hau na 'yan watanni ne suka rataye. Shi ya sa yau ake samun keken da ya haura shekara hamsin alhali haƙoran giyarsa ba su ci ba.

Darasi na farko ga mai shiga wannan harka shi ne sanin ƙarfe, domin sunan kamfani kaɗai yana yaudara. Peugeot ɗaya ce ta yi PX-10, keken da ya yi suna a fagen tsere, ita ce kuma ta yi UO-8, keken talaka mai nauyi, kuma daga nesa kamarsu ɗaya. Bambancin yana cikin bututun da aka haɗa firam da shi. Tun 1897 kamfanin Reynolds na Birmingham ya yi rajistar dabarar yin bututu mai kauri a bakinsa biyu, inda ake haɗi, siriri a tsakiya, inda ba a buƙatar nama. A 1935 ya fito da Reynolds 531, ƙarfen da aka gauraya da manganis da molibdenam, wanda ya yi shekaru da dama yana mulkin fagen tsere. Italiya na da Columbus mai tambarin kurciya, Japan na da Tange da Ishiwata. Kaurin irin wannan bututu a tsakiya bai kai milimita ɗaya ba. Keken da aka yi da shi yakan tsaya wajen kilo 10, alhali Schwinn Varsity, da aka sayar da ita ba adadi, tana kusan kilo 18.

Akan liƙa 'yar takardar shaidar bututun a jikin firam, amma shekaru kan goge ta. Gwanaye sai su koma ga wasu alamu. Idan sandar sirdi ta kai kaurin milimita 27.2, yawanci bututun siriri ne mai kyau. Idan ta tsaya wajen 25 zuwa 26, ƙarfen mai kauri ne na gama-gari. Sukan duba inda wilin baya ke shiga: ƙarfe ne mai kauri da aka ƙera da kyau, ko falle ne da inji ya datse? Sukan kuma duba mahaɗan da aka zura bututun a ciki aka like da narkakkiyar tagulla, ko an goge bakinsu sumul ko an bar su da kaushi.

Daga nan sai tambayar inda araha take. Sunayen Italiya irin su Colnago da Cinelli da De Rosa da Masi sun daɗe da fin ƙarfin mai ƙaramin aljihu, musamman idan kayan Campagnolo ne a jiki, domin masu tara kayan tarihi sun riga sun yi musu kuɗi. Wanda ya san takan abin yakan nufi kekunan Japan na shekarun 1980: Miyata, Panasonic, Bridgestone, Fuji, da waɗanda aka ƙera wa Amurkawa a Japan ƙarƙashin sunaye irin su Centurion da Univega da Nishiki. Aikinsu tsaf yake, fentinsu ya fi na Faransa juriya, ma'auninsu kuma ya dace da kayan da ake samu a shago yau. Na'urar canja giya ta SunTour, wadda aka yi wa rajista a 1964, ta fi na Turai masu tsada shiga giya lafiya, har sai da wa'adin rajistar ya ƙare a 1984 sauran kamfanoni suka kwaikwaye ta. Wannan zamani na Japan bai daɗe ba. Bayan yarjejeniyar Plaza ta 1985 darajar yen ta tashi, ƙira ta koma Taiwan. Abin da aka bari a baya shi ne mafi kyawun ciniki a kasuwar gwanjon keke.

Babban ramin da sabon shiga ke faɗawa shi ne rikicin ma'auni. Kowace ƙasa da nata tiredin. Mazaunin boris na feda a keken Ingila faɗinsa milimita 68 ne, kuma ɓangaren sarƙa ana ɗaure shi ta hagu. Na Italiya milimita 70 ne, duka ɓangarorin ta dama. Na Faransa dabam, na Suwizalan dabam, Raleigh kuma ta daɗe tana amfani da nata tiredin a masana'antarta ta Nottingham. Wuyan keken Faransa milimita 22.0 ne, na yawancin sauran ƙasashe 22.2, kuma wannan ɗan bambanci ya isa ya hana wuya shiga. Wili ma iri biyu ne: tsohon inci 27 mai faɗin milimita 630, da 700C na yau mai 622. Wanda ya sauya daga wancan zuwa wannan sai takalman birkinsa sun sauko da milimita 4, in ba su kai ba sai ya sayi wani birkin. Marigayi Sheldon Brown, makaniken keke na jihar Massachusetts wanda ya rasu a 2008, ya ba da shekaru yana tattara waɗannan ma'aunai yana bayaninsu dalla-dalla, kuma har yau da bayanansa masu wannan harka ke warware gardama.

A gefe guda, ƙarfe yana da haƙurin da alminiyam da kabon ba su da shi. Tazarar da wilin baya ke zama a ciki ta kasance milimita 120 a zamanin giya biyar a baya, ta koma 126, sannan 130 a wili na zamani. Firam ɗin ƙarfe ana iya buɗa shi a hankali da katako, a auna da igiya a tabbatar bai karkace ba, ya karɓi sabon wili. Tsatsar sama-sama tana fita da sinadari mai sauƙi. Bututun da ya lalace ma maƙeri na iya narka tagullar ya zare shi ya sa wani.

Amma akwai aibin da bai kamata a saya ba ko da a kyauta ne. Keken da ya taɓa yin karo ta gaba yakan nuna ɗan kumburi ko tsagewar fenti a ƙarƙashin bututun, dab da wuya, fok ɗinsa kuma ya ɗan koma baya. Sandar sirdi ta alminiyam da ta shekara ashirin cikin ƙarfe babu giris takan manne kamar an yi mata walda, wani lokaci sai an yanka ta ko an narkar da ita da soda. Tsofaffin na'urorin giya na Simplex da aka yi da roba suna tsagewa. Wasu wuyan keke na kamfanin AVA sun yi ƙaurin suna wajen karyewa ana cikin tafiya.

Batun araha kansa yana buƙatar a faɗi gaskiya. Kowane tsohon keke sai an sake masa taya da tub, wayoyin birki da na giya, takalman birki, sarƙa, boris da tef ɗin naɗe kai, kuma kuɗin waɗannan sau da yawa ya kai kuɗin keken ko ya fi. Ga kayan aiki na musamman, domin kowane irin firiwil da mabuɗinsa. Wanda ya sayi firam tsirara ya ce zai tara kaya ɗaya-ɗaya shi ne ya fi kowa kashe kuɗi. Masu ƙwarewa cikakken keke suke saya, wani lokaci ma su sayi na biyu mai karyayyen firam domin kayan jikinsa. Sake fenti kuwa yakan cinye ribar gaba ɗaya, ya kuma rage wa keken daraja a idon masana. A birane da yawa na Amurka da Turai akwai shagunan haɗin gwiwa inda mutum zai biya kaɗan ko ya ba da lokacinsa, ya yi amfani da kayan aiki, ya tona akwatunan tsofaffin kaya. In ba don irin waɗannan wurare ba, da rabin masu wannan sha'awa sun bar ta.

Masu harkar sun kasu gida biyu. Na farko su ne masu cewa a mayar da keke yadda ya fito daga masana'anta, kowace ƙusa ta dace da shekararta. Babban dandalinsu shi ne L'Eroica, hawan da Giancarlo Brocci ya assasa a 1997 a Gaiole in Chianti ta Italiya da mahaya 92, wanda yanzu dubbai ke halarta kowane Oktoba a kan hanyoyin tsakuwa na Tuskani. Ƙa'idarsa a fili take: keke ya zama irin na 1987 ko kafin nan, makunnin giya a jikin firam, feda mai maɗauri, wayoyin birki a waje. Wannan gida ya adana tarihi, amma ya kuma tayar da farashin tsofaffin kaya. Gida na biyu su ne masu cewa keke na hawa ne: a bar firam ɗin da, a sa wili da birki da giya na zamani.

Hujja ta fi ƙarfi a wajen na biyun. Tsofaffin kekunan an yi musu giya ne don 'yan tsere, da faranti mai haƙora 52 da 42 a gaba, abin da ke wahalar da mai hawan tudu da kaya. Rim ɗin ƙarfe mai ƙyalli ba ya kama birki idan ya jiƙe, kuma wannan batun rai ne. Taushin tafiyar da ake yaba wa ƙarfe ma kaso mai yawa nasa daga faɗin taya yake zuwa, kuma sa'ar da aka yi ita ce firam ɗin shekarun 1970 yakan ɗauki taya mai faɗi fiye da na 1990. Iyakar da ta dace a kiyaye ita ce kada a yi abin da ba ya gyaruwa. A tsakiyar shekarun 2000, lokacin yayin keke mai giya ɗaya, an datse maƙalan giya da na waya daga firam masu kyau ba adadi, an mayar da su abin da ba za su sake komawa yadda suke ba. Wanda ya cire tsohon kaya ya adana a kwali bai yi wa kowa ɓarna ba.

Mai gyaran keke na Kano ko Zinder ba baƙo ba ne a wannan aiki. Raleigh, wadda Joop Zoetemelk ya ci Tour de France a kan kekenta a 1980, ita ce dai Raleigh da iyaye suka hau zuwa gona da kasuwa, har ta taɓa samun masana'anta a Kano. Boris warwatse cikin giris, ƙusar da ke riƙe hannun feda, ɗaurin wili da miƙe shi da ido, duk aikin yau da kullum ne a rumfarsa, alhali matasan makanikai a Turai sai sun koya daga farko.

Abin da zai yanke makomar al'adar shi ne samuwar kaya. Manyan kamfanoni sun karkata ga birkin faifai da giya mai batir, waɗanda tsohon firam ba ya ɗauka. Ƙananan masana'antu ne ke riƙe da ita: Nitto na ci gaba da yin wuya da kan keke irin na da a Japan, MKS na yin feda, Dia-Compe na yin birki mai dogon hannu, Panaracer kuma har yanzu tana fitar da taya mai inci 27. Muddin waɗannan na aiki, ɗalibi ko ma'aikaci mai ƙaramin albashi zai iya haɗa Miyata ta 1984 ya yi tafiyar kilomita ɗari a kanta a yini guda.