Jinjina ga Masu Ƙafar Zinare

Ƙwallon Amurka wasan ƙarti ne, ture da kokawa, amma sau da yawa nasara kan rataya a ƙafar mutum guda. Daƙiƙu kaɗan suka rage, abokinsa ya durƙusa ya kafa masa ƙwallo, shi kuma ya tako daga gefe, ya ɗirka ta da bayan ƙafa, ta ratsa tsakanin sanduna, maki 3 sun samu.

Pete Gogolak, haifaffen Hangari, shi ya kawo wannan salon 'yan tamaula ƙungiyar Buffalo Bills a 1964. Kafin nan da kan takalmi ake dungurar ƙwallo. Brandon Aubrey ma tamaula ya baro, ya shiga Dallas Cowboys a 2023. Lallai gwanayen nan sun cancanci yabo.