Gidan Kiɗa Ya Rufe, Allo Ya Gaje Shi

Yau zancen namu na nesa ne, can ƙasar Amurka, a kan wani kiɗa na baƙaƙen fatar ƙasar da ake kira buluz. Kar ki ɗauka bulus ɗin nan ne namu na samun abu a banza, a'a, shi wannan da gumi da hawaye aka same shi. Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne, ƙananan gidajen unguwa da ake yin kiɗan a cikinsu sun yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, amma sai ki ji mutane suna cewa ai ba komai, tunda ga faifai, ga waya, ga manyan gidajen kiɗa na cikin gari. Ni dai ban yarda ba, kuma zan faɗi dalilina.

Shi buluz jikokin bayi ne suka ƙirƙire shi, waɗanda aka kwaso kakanninsu daga Afirka, da yawansu ma daga nan Afirka ta Yamma. Shi ya sa in kin kasa kunne za ki ji wani abu da ya yi kama da kukan goge ko kukuma, ga kuma amshi, mawaƙi ya ja baiti, jita ko jama'a su amsa masa. Ya yi ƙarfi ne a gonakin audugar jihar Misisifi, inda talaka zai yi shekara yana noma wa Bature gona, a zo rabo a ce masa har yanzu shi ake bi bashi. To ranar Asabar da dare sai a taru a wata 'yar bukkar katako a bakin gona, wadda suke kira juk. A soya kifi, a kunna fitila, mai jita ya zauna a lungu, ya rera abin da ke cin ran kowa: bashi, ambaliya, miji ya shiga jirgin ƙasa bai dawo ba, mata ta tattara kayanta ta tafi.

Ba zan ɓoye miki ba, wuraren nan ba na Allah da Annabi ba ne. Ana shan giya, ana caca, wani lokaci har a zare wuƙa, kuma mata da yawa sun yi kuka saboda maigida ya ƙarar da kuɗin mako a can. Su kansu masu zuwa coci a cikinsu kiɗan shaiɗan suke ce masa. Ban zo yabon wannan ba. Amma a zamanin da baƙar fata ba shi da ikon shiga gidan abincin Bature, ko ya sha ruwa a famfo ɗaya da shi, wannan bukka ita ce zaurensa, ita ce majalisarsa, nan ne kawai ba a kiransa yaro alhali yana da furfura.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, mata ne suka riƙe da yawa daga cikin gidajen. A birnin Shikago akwai wata mata, Theresa Needham, wadda ta buɗe nata a 1949 a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, a unguwar baƙaƙe ta kudancin gari. Ɗakin bai taka kara ya karya ba, amma a nan Junior Wells mai busa hamonika ya yi shekaru yana wasa, a nan Buddy Guy ya goge. Ita ce mai ba da bashi, ita ce mai raba faɗa, ita ce mai korar wanda ya fitsare. Akwai faifan da aka ɗauka a gidan a 1975, wanda bai fito kasuwa ba sai 2006. In kin saurare shi, abin da zai fara ba ki mamaki shi ne yawan surutu. Junior Wells yana tsayawa ya tsokani na zaune, su ma su mayar masa, a yi dariya, sannan a koma kiɗa. Haka kuma faifan B.B. King da aka ɗauka a 1964 a gidan wasa na Regal, duk a wannan unguwa. Yana ja, mata suna ihu suna amsa masa, kai ka ce mijin kowace ɗaya yake ba da labari. To wallahi rabin daɗin faifan nan daga bakin matan yake fitowa. Cire su ki gani, sai ya zama miya ba gishiri.

Ga ƙashin bayan maganata ke nan. Buluz hira ce tsakanin mai waƙa da mutanen da suka san abin da yake faɗa. In ya yi ƙarya su gane, in ya yi sanyi su tashi su bar masa wurin, in ya taɓo inda yake musu ƙaiƙayi su miƙe da rawa. Su ne malamansa, su ne alƙalansa. Kamar dai yadda mai amada ba ta jin daɗin ƙwaryarta sai a tsakiyar matan da suka san kishi da zaman gidan miji.

To me ya kashe gidajen? Ba abu ɗaya ba ne. Na farko dai mutanen ne suka watse. A 1944 aka girbe auduga da inji zalla a wata gona kusa da garin Clarksdale, daga nan masu gona suka daina buƙatar hannuwa da yawa. Tsakanin 1916 da 1970 baƙaƙen fata wajen miliyan 6 ne suka bar kudu suka nufi biranen arewa da yamma. Muddy Waters kansa a 1943 ya bar Misisifi ya tafi Shikago. Ƙauye ya zama kufai, wa zai zo juk? Waɗanda suka rage kuma, da jihar ta halatta gidajen caca a 1990, aka fara buɗe su a Tunica a 1992, sai manyan gidajen nan masu sanyi da abinci mai araha suka janye ɗan kuɗin Asabar ɗin da ya saura.

Na biyu, a birni ma ba a bar su sun zauna lafiya ba. An rushe Regal a 1973. Theresa ta rasa hayar ɗakinta a 1983, ta koma wani wuri bai karɓe ta ba, ta rufe a 1986. Kasuwar titin Maxwell, inda makaɗa ke jona lasifika su yi wasa a bakin hanya kowace Lahadi, an tashe ta a 1994 don jami'a ta faɗaɗa filinta. Gidan Checkerboard da Buddy Guy da abokinsa L.C. Thurman suka buɗe a 1972, wanda har 'yan ƙungiyar Rolling Stones na Ingila suka zo suka yi wasa da Muddy Waters a cikinsa a 1981, shi ma ya yi ƙaura daga unguwarsa, ya rufe gaba ɗaya a 2015 bayan rasuwar Thurman.

Na uku, kuma shi ya fi ba ni tausayi, yawancin gidajen nan a kan mutum ɗaya suke tsaye, in ya faɗi sun faɗi. Junior Kimbrough ya rasu a 1998, gidansa na Chulahoma ya ƙone a 2000. Willie Seaberry, manomin da ya riƙe gidan Po' Monkey's a tsakiyar gona kusa da Merigold shekaru sama da 50, yana rasuwa a 2016 aka rufe ƙofa, a 2018 aka yi gwanjon kayan ciki. 'Ya'ya da jikoki kuwa kunnensu ya riga ya koma wani kiɗan, wasu ma suna ganin buluz tuna baya ne, kiɗan gonar auduga da wulaƙanci.

Yanzu bari mu zo kan abin da aka kawo a madadinsu, don a nan sukar tawa take. A Memfis, titin Beale da ya kasance zuciyar baƙaƙen garin, an rushe kewayensa da sunan gyaran gari, sannan aka sake buɗe shi a 1983 don 'yan yawon buɗe ido. A Shikago manyan gidajen buluz suka koma tsakiyar gari da arewacinsa, inda masu kuɗi suke. A Misisifi kuwa tun 2006 ake kafa alluna a bakin hanya, kowanne yana cewa a nan wane ya zauna, a nan gidan kaza yake a da. Baƙo ya zo daga Jamus ko Japan, ya ɗauki hoto da allo, da dare ya biya kuɗin shiga, ya zauna a kujera ya naɗe hannu. Shi kuwa abin da ya sani shi yake so ya ji, don haka dare bayan dare makaɗi yana maimaita waƙoƙi goman nan da kowa ya haddace. Ya yi ƙarar jita, ya jujjuya fuska kamar mai ciwon ciki, a tafa masa. Wa zai tsaya ya ce masa wannan baitin ƙarya ne? Wa zai ce masa yi mana sabuwa a kan tsadar haya? Mai kallo bai san hayar unguwarsa ba, gobe ma jirgi zai hau.

Kar a ce na yi rashin adalci. Kuɗin baƙin nan ya ciyar da makaɗa da yawa da 'yan'uwansu suka manta da su, kuma gidan Legends da Buddy Guy ya buɗe a 1989 ya ba matasa wurin tsayawa. Allunan ma sun fi mantuwa. Da babu gara ba daɗi. Abin da nake ƙi shi ne a nuna mana hoton rijiya a ce mu sha ruwa. Yaro yana iya koyon kowane bugu na B.B. King daga waya cikin ɗakinsa, ya fi shi saurin yatsa ma, amma wayar ba za ta koya masa lokacin da zai yi shiru ya bar wata baiwar Allah a bayan ɗaki ta ce "faɗa musu dai!" ba. Wannan sai a gaban mutane ake koyonsa, mutanen da suka san uwarka da ubanka.

Duk da haka ba a rasa na kirki ba. A ɗan garin Bentonia akwai Blue Front, wanda Carey Holmes da matarsa Mary suka buɗe a 1948. Ita Mary tana dafa abinci tana sayarwa, tana kuma rainon 'ya'ya goma. Ɗansu Jimmy ya karɓi wurin a 1970, ya koyi jita a hannun tsofaffin da ke zama a ƙofar, ya riƙe gidan sama da shekara 50 ba tare da ya mai da shi gidan kallo ba. Me ya raba shi da sauran? An samu magaji, kuma an samu maƙwabta da ba su daina zuwa ba.

Saboda haka 'yar'uwa, in kin ji an ce wani abu na jama'a yana nan lafiya tunda an ɗauke shi a faifai, ki tambaya: ina mutanen da ake yi dominsu? Ina ɗakin da suke taruwa, wa ke biyan hayarsa, wa zai buɗe ƙofar in mai shi ya kwanta dama? Theresa ta rasu a 1992, sai a 2001 aka sa sunanta cikin jerin gwarazan buluz. Da a 1983 aka taru aka tsaya mata a kan ɗakinta, da ya fi mata amfani.

Allah ya sa mu san darajar abu tun yana hannunmu. Wassalam.