Allon Hotuna da Yaro Bahaushe: Sharhi a kan Boardmaker da ARASAAC

Allon hotuna takarda ce da ake jera alamomi a kanta domin yaron da bai iya furuci ba ya nuna abin da yake nufi. Daga cikin tushen dabarar akwai alamomin Charles Bliss na 1949, waɗanda aka fara koya wa yara naƙasassu a Toronto a 1971. A yau da kwamfuta ake shirya allon, ko dai da manhajar Boardmaker wadda ake saye, ko da taskar ARASAAC ta gwamnatin Aragon a Sifaniya, wadda take kyauta. Dukkansu sun rage wa malami wahalar zane.

Sai dai akwai gyara ta fuska uku. Na farko, hotunan na rayuwar Turai ne. Yaron Rano ko Kibiya tuwo da koko da buta da randa da tabarma ya sani, hoton bahon wanka kuwa sai an yi masa fassara. Na biyu, nahawu. Hausa ta bambanta "kai" da "ke", kuma wakilin suna ke ɗauke da lokaci, watau "na ci" daban, "zan ci" daban. Allon da ya haɗe su zai sa a hana yaro abinci alhali yunwa yake ji. Na uku, ladabi: gaisuwar ɗaga hannu ba ta maye gurbin durƙuso gaban babba.

Tun da manhajojin suna karɓar sababbin hotuna, ya kamata malaman ilimi na musamman da masana harshe su haɗu su tsara alamomin da aka ɗauko daga gidajen Hausawa, a gwada su a kan yaran kafin a buga.