Sharhi A Kan Wasan Hay Day: Gonar Waya Da Gonar Kadawa

Jama'a, wasan Hay Day, wanda kamfanin Supercell na ƙasar Finlan ya fitar a 2012, shi nake so mu ɗora a sikeli, mu auna shi da noman rani na Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga yake shayar da shinkafa da alkama da tumatir.

Da farko, a ganina wasan yana da amfani. Ƙwaya ɗaya za ka shuka ka girbi biyu, in kuwa ka sayar da duka, ka rasa iri. Rumbunka ma yana da iyaka. Ta haka yaro yake koyon tanadi da lissafi ba da bulala ba, kamar yadda dara take wasa ƙwaƙwalwar manya.

Sai dai akwai gyara. Alkamarsa minti 2 take nuna, ta Kadawa kuwa sai ta sha sanyin hunturu na wata da watanni. Babu rigimar rabon ruwa, babu ciyawar da ke toshe magudana, babu tsutsar nan Tuta absoluta da ta cinye tumatir a 2016. Gonar da ba a asara a cikinta rabin darasi take koyarwa.

Don haka nake kira ga 'yan'uwana ɗalibai, mu haɗa kai da masana kwamfuta a ƙirƙiro irinsa da Hausa, wanda zai ɗanɗana wa ɗan wasa halin manomin ƙarshen magudana, da ruwa ba ya isa gare shi sai na gaba sun ƙoshi. Allah Ya sa mu dace.