Jinjina ga Makanikan Jidda

Duk wanda ya ratsa garejojin Jidda da azahar, sa'ad da gumin Bahar Maliya ke korar kowa zuwa inuwa, ya iske dattijon bakanike durƙushe gaban tsohuwar taraktar Massey Ferguson daga gonakin Khulais, lalle zai shaida haƙuri ibada ne. Da ya ga baƙin mai ya koma kamar kindirmo, lagireto yana kumfa, ya san gaskit ya ƙone ko kuwa bulon injin ya tsage. Sai ya kwance, ya auna, in tsaga ce, ya gasa ƙarfen kafin walda, ya binne shi cikin rairayi ya huce a sannu, domin gaggawa sabuwar tsaga take haifarwa. Ba don irinsa ba, da gonar talaka ta rasa huɗa. Allah Ya albarkaci wannan hannu.