Jinjina ga Matan Gida na Mubi

Da kwalara ta ɓarke a Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu a watan Mayun 2018, likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu a asibiti, amma rigakafin yana hannun matan gida. Tun da asuba uwargida za ta share tsakar gida, ta wanke randa ciki da bai, ta rufe ta da faifai, ta rataye moɗa inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ruwan ɗan garuwa kuwa sai ta tafasa shi, komai tsadar itace. Masai ma a barbaɗa toka a rufe bakinsa saboda ƙuda. Ba mai biyan su ko sisi. Iyayenmu mata na Kolere da Shuware da Lokuwa, sannunku da aiki, Allah Ya saka da alheri.